Har da Packie Mulry a Gayyar

Tun ranar da wata dukusa mai taurin kai ta yar da Fergal Devaney ta karya masa kafaɗa, zama ya gagare shi. Likita ya rataye masa hannun dama a wuya, ya ce kada ya kuskura ya kusanci sirdi sai ƙashi ya haɗe. Mai gonar dawakin, wani dattijo ɗan Japan da magana ke yi wa tsada, ya ce ya huta abinsa, aikinsa na nan na jiransa, in ma yana so ya je gida ya ga iyayensa ya dawo. Fergal ya rusuna ya yi godiya, ya ce ai ba sai ya je ba. Ta ina zai shiga gidansu da hannu a rataye? Ubansa, Malachy, tun ranar da Fergal ya bar ƙauyensu a Roscommon ta ƙasar Ayilan yake cewa doki ne ajalin yaron. Fergal kuwa ya gwammace ya ci ciyawar barga da ya tsaya gaban tsohon nan ya ji ya ce ai dama ya faɗa.

Sai ga shi ya zama marar abin yi a ƙasar da kowa ke da abin yi. Jiki ya saba da sammako, don haka tun asubar fari idonsa biyu. Ya sauko daga ɗakinsa da ke saman ma'ajiyar abincin dawaki, ya tsaya a bakin barga yana tare wa mutane hanya. Kaka ta shigo Hokkaido, can arewacin Japan, lokacin horar da dukusai ke nan, lokacin da ko ciwon haƙori ba a yarda mahayi ya yi. Yana tsaye cikin hazon teku yana kallon wasu a kan dawakin da shi ya kamata ya hau, yana cizon leɓe duk sanda wani ya finciki linzami. In ya ga an fara harararsa sai ya kama hanyar kanti, ya sayo dunƙulen shinkafa mai kifi a ciki, ya ci a tsaye, ya dawo. Ya haɗa shayi da ganyen da uwarsa ke aiko masa, ya manta da shi har ya huce. Ya kwanta, kafaɗa ta hana. Ya tashi ya leƙa taga, ya ga hankakin jiya a kan shingen jiya. Da yamma, lokacin da gari ke wayewa a Ayilan, sai ya kamo rediyon yankinsu a waya ya saurari farashin shanu da sanarwar rasuwa.

Ran Lahadi ake kiran gida, kuma sai da shiri. Yakan jingina wayar da butar shayi yadda fuskarsa kaɗai za ta fito, ya naɗe wuya da mayafin sanyi don ya rufe igiyar da ta rataye hannun, sannan ya danna da hagu. Ya ƙware har abin ya fara ba shi sha'awa.

"Ka rame," in ji uwarsa, Nuala, tun kafin gaisuwa. Rabin fuskarta ne kawai ya fito, sauran duk silin ne. "Ba sa ba ku abinci ne?"

"Ina ci, Mama."

"Ɗanyen kifi ba abinci ba ne. Me ya sa ka naɗe wuya haka kamar tsohuwa?"

"Sanyi ya fara."

"Aiki fa?"

"Sai godiya. Ko numfashi ba ma samu."

"Ka san Bridie Tansey?"

"Ban san ta ba."

"Ka san ta mana. Wadda ɗanta ya auri 'yar mai gidan mai, mai ɗingishin nan. Ta taɓa ba ka alewa a bakin coci ka yi amai."

"To, na san ta."

"Ta mutu."

"Allah ya jiƙanta."

"An yi jana'iza mai kyau. Miyar ce dai gishiri ya yi yawa."

A da, daidai nan ne Malachy yake bayyana a bayanta da hularsa, ya sunkuyo har hancinsa ya cika wayar, ya ce, "Ana ruwa a can?" Fergal ya ce ana yi ko ba a yi. Tsohon ya ce, "Nan ma," ko ya ce, "Nan ana yi," ya fice wajen shanunsa. Iyakar hirar uba da ɗa ke nan, shekara da shekaru, kuma kada wani ya raina ta, don a gidan Devaney wannan doguwar hira ce. To amma Lahadi bayan Lahadi yanzu hancin bai bayyana ba. Yau ya tafi kasuwar shanu. Wancan makon ya je duba wata saniya mai ciki. Na gabansa mura ce ta kama shi, murya ta dishe, ba ya son a ji shi haka. Fergal ya lura, amma mai ɓoye hannu a ƙasan tebur ba ya cika son dogon bincike.

"Gawayin fa, an kwaso?" ya tambaya, don dai a samu abin faɗa.

"An kwaso, mun gode Allah, rumfa ta cika har baki. Yini guda aka gama. Mutane sun yi ƙoƙari, tarakta har bakin titi. Ni da yayarka hannunmu ya sage da yankan burodi. Packie Mulry shi kaɗai ya kusa cinye mana naman alade, ka san shi da ci..."

"Wa?"

Silin ɗin kicin ya tsaya cak a wayar.

"Mama, wa kika ce?"

"Ka ji ruwa ya kece, ga shanya a waje."

Gawayin fadama, wannan baƙar ƙasa da ake yankawa kamar tubali a shanya ta bushe a hura wuta da ita duk hunturu, Malachy Devaney bai taɓa barin hannun wani ya taɓa nasa ba. Ko 'ya'yansa in sun jera sai ya rushe ya sake. A ƙauyen kuma ba a yi wa mutum gayyar kwaso gawayi sai in mace ce da miji ya mutu ya bari, ko namiji da ciwo ya kayar. Wannan ma duk mai sauƙi ne. Packie Mulry maƙwabcinsu ne, kuma rabonsa da magana da Malachy tun Fergal yana firamare, a kan wata ƙofar gona da kowannensu ya rantse ta kakansa ce. A coci ɗaya dama ɗaya hagu. In sun haɗu a siririyar hanya kowa sai ya tsura wa shinge ido har su wuce juna. Mutumin nan ne ya tuƙo taraktarsa zuwa gidansu, ya zauna a kicin ɗinsu, aka zuba masa shayi. Gaban Fergal ya faɗi, kuma bai daina faɗuwa ba.

"Mama, tsaya. In zo ne?"

"Ka zo ka yi me? Kana tsakiyar aiki. Lafiya lau muke, kada ka soma."

"To," in ji Fergal.

Ni wannan "to" ɗin ne har yau yake ba ni haushi. Fergal ba baƙo ba ne. A gidan da ya tashi, in an ce wa mutum ga shayi sai ya ce a'a, yanzu ya sha. A sake, ya ce wallahi kada a wahala. Sai an nace, an ɗora buta, an ajiye kofi a gabansa, sannan ya ce to, tunda an riga an dafa. Mutanenmu na Ayilan ba sa karɓar komai da fari, ko ruwa ne a bakin mutuwa, kuma wanda ya ɗauki a'ar farko ya tafi da ita ya san abin da ya yi. Fergal ya sani sarai. Ya ɗauka ne don ta yi masa daidai.

Washegari ya iske Dinny Corcoran a ɗakin sirdi yana goga wa linzami mai. Dinny shi ma ɗan Ayilan ne, daga Tipperary, furfura ta gama da shi, ya daɗe a Japan har ya yi mata da 'ya'ya da jika, amma har yanzu in ya ji haushi da harshen gida yake zagin doki. Fergal ya zauna a kan buhu ya kwashe labari ya faɗa masa.

"Packien nan, shi ne na ƙofar gona?" in ji Dinny.

"Shi."

"Kuma ya zo da taraktarsa."

"Har ya ci abinci a kicin ɗinmu."

Dinny ya ajiye linzamin. "To uban me kake yi a nan?"

"Na tambaye ta. Ta ce kada in zo."

"Ta ce kada ka zo. Kai, dukusar nan kafaɗa ta karya maka ko kai? Uwarka 'yar ina ce, 'yar Jamus, inda a'a take nufin a'a? Ni tawa uwar tana kan gadon mutuwa aka ce a kira mata likita, ta ce a ƙyale bawan Allah, wataƙila yana cin abinci."

"In na je da wannan..." Fergal ya nuna hannun da haɓa.

"Sai ya yi maka gori. To ya yi mana. Ƙarya zai yi? Ga ka nan kamar kazar da mota ta taka."

"Ba ka san shi ba ne."

"Na san irinsa, irinsa ne ya haife ni. Mai gida ya ba ka hutu, ba abin da kake tsinana mana sai tare hanya. Tashi ka ba ni wuri, ka zaunar mini da buhu."

Fergal ya fita yana huci, don ba abin da ke ƙona rai kamar gaskiya daga bakin mutumin Tipperary. Ya hau ɗaki ya buɗe shafin jiragen sama a waya, ya duba, ya rufe. Ya jawo jaka daga ƙarƙashin gado, ya cusa kaya da hannu ɗaya, zip ya ƙi jawuwa, ya zazzage su a ƙasa. Ya ce wa kansa bari dai a cire igiyar nan tukuna, saura kaɗan, sai ya shiga gida da hannu biyu kamar mutum. Ya ce wa kansa wataƙila baya ne kawai ya riƙe wa tsohon. Wataƙila ma Packie ne ya tsufa ya yi laushi, ai ana yi. Ya tura wa yayarsa Attracta saƙo, ita da ke aure a garin da ke kusa da su, ya ce Baba lafiya kuwa? Amsa ta zo bayan yini guda: lafiya, tana aiki. Ya sake turawa. Ta turo masa hoton babban yatsa.

Kantin da yake zuwa sau ɗaya ya koma zuwa safe da rana da yamma, har yarinyar da ke bayan kanta ta fara ajiye masa shinkafarsa a gefe. Ya bi hanyar bakin teku ya dawo ta bayan gonaki. Ya share ɗakin da ba ya bukatar shara. Rediyon yamma kuwa, wanda a da yake saurare don kewa, yanzu a tsaye yake jin sa. Duk sanda mai sanarwar rasuwa ya ja numfashi kafin ya faɗi suna, Fergal ma nasa numfashin ya tsaya. Rannan aka ambaci ƙauyensu, ya ce shi ke nan, ashe wani tsohon mai gyaran keke ne. Ya ji daɗi, sannan ya ji kunyar jin daɗin. Tsoro yake ji, tsoro zalla, kuma ya kasa yin abu ɗaya tak da zai kawar da shi.

Lahadi ta zagayo, ya jingina waya da buta, ya naɗe wuya, ya kira. Ba a ɗauka ba. Can sai ga saƙo daga uwarsa, wadda ba ta iya saƙo ba, duk da manyan baƙaƙe: MUN FITA UNGUWA, SAI WANI MAKON. Nuala Devaney ba ta taɓa fita unguwa a lokacin kiran ɗanta ba, ko ran da aka yi ambaliya a tsaye kan kujera ta amsa.

Ran Laraba da la'asar yana kan gadar da ke bayan gari, yana kallon manyan kifaye na kokawa da ruwa za su haura, wayarsa ta yi ƙara. Attracta ce. Tana cikin mota, fuskarta a kumbure, safiya ce a can kuma ana yayyafi a gilashi.

"Ka daina turo mini saƙo, ka ji ko?" ta ce. "Na gaji da yi maka ƙarya, ba ni da lokacinta."

"Me ya same shi?"

"Ciwon daji ne, a maƙogwaro. Tun bazara aka gano."

Fergal ya dafa ƙarfen gada. "Tun bazara."

"Kada ka ɗaga mini murya, ban yi barci ba. Shi ya hana. Ya sa ni da Mama muka rantse. Ya ce yaron na can yana fama, lokacin horar da dawaki ne, in ya taho za a ba wani aikinsa. Ka san shi. Wai doki zai kashe ka, amma duk wanda ya shigo gidan nan sai ya nuna masa hotonka a kan wannan jan dokin."

"Yana ina yanzu?"

"A gida. Jiya muka dawo da shi daga asibitin Galway. An yi aikin ran Alhamis da ta wuce." Ta share hanci da bayan hannu. "Sun cire, Fergal. Duk wurin da murya take sun cire. Sun ce zai iya samun lokaci, wataƙila mai ɗan yawa. Amma magana ta ƙare."

Wata babbar mota ɗauke da ciyawa ta ratsa gadar, sai da ta wuce sannan ya iya cewa wani abu, kuma abin da ya fito bai da amfani. "Ran Alhamis."

"Ran Laraba kafin mu tafi asibiti ya ce in ba shi wayata. Ya riƙe ta ya daɗe, har ya sa na nemo masa sunanka. Muryar ta dishe amma ana ji. Sai ya miƙo mini, ya ce a bar shi, yanzu haka yana kan doki."

Ran Larabar nan Fergal ya tuna ta sarai. Yini ya yi yana zazzage jaka yana mayarwa.

"Attracta."

"Mene ne?"

Ya miƙa hannun hagu ya nesanta wayar da fuskarsa, ya ja mayafin da haƙori ya faɗi. Ta ga igiyar, ta ga hannun a naɗe a ƙirji.

"Mene ne wannan?"

"Na faɗo. Kafaɗa ta karye."

"Yaushe?"

"Tun kafin a fara horon. Ban hau doki ko sau ɗaya ba. Mai gida ya ce in je gida in ina so."

Ta kalle shi. Ya yi zaton zagi, ya ma fi son zagin, don Attracta ta iya shi tun suna yara. Sai ta kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunta na rawa, ya kasa gane dariya take ko kuka, ita ma da alama ba ta sani ba.

"Kana zaune," ta ce. "Duk tsawon lokacin nan kana zaune. Mu muna nan muna lallaɓawa kada mu dame ka, kai kana can kana... Wayyo Allah, wane irin gida ne wannan?"

"Ban so ya gani ba."

"Rufe mini baki. Kada ka kashe."

Ya ji ƙofar mota ta buɗe. Wayar ta shiga lilo a hannunta, yana ganin tsakuwar tsakar gida, da takalmanta, da karensu yana tsalle, da dakalin ƙofa. Ba kicin ta nufa ba. Ta tura ƙofar falon gaba, ɗakin da ba a buɗewa sai Kirsimeti ko zuwan Fada, limamin coci, kuma a can aka sauko da gado aka ajiye kusa da taga.

"Attracta!" Muryar uwarsu ce. "Me na ce miki? Me muka yi alkawari?"

"Matsa, Mama. Ɗanki ma yana da nasa labarin."

Wayar ta daidaita. Fergal bai taɓa ganin ubansa kwance da rana ba, kuma ya manta rabon da ya gan shi ba hula. Kan ya ƙanƙance a kan matashi. An naɗe wuyan da farin bandeji, ga wani ɗan bututu a tsakiya yana fito da iska. Idanun ne kawai ba su canza ba, suna nan da kaifinsu na mai sayen shanu.

"Baba," in ji Fergal. Bai matso da wayar ba, ya bar ta nesa yadda komai zai fito.

"Yesu da Maryamu da Yusufu!" Nuala ta leƙo ta gefe, ta dafe ƙirji. "Hannunka! Me ya sami hannunka? Kai da kake ce mini sanyi ne!"

Malachy bai ko kalle ta ba. Ya duba hannun, ya duba fuskar ɗansa, ya koma kan hannun. Leɓɓansa suka motsa, suka sake motsawa da ƙarfi, jijiyar goshinsa ta tashi. Ba abin da ya fito sai iska ta bututun. Fergal ya matse wayar a kunne ko zai tsinci wani abu, ya tuna hoto ne, ya dawo da ita. Hawaye na zuba kuma ba shi da hannun sharewa.

"Baba, zan zo. Gobe zan kama hanya."

Leɓɓan suka sake motsi. Nuala ta sunkuya kansa kamar mai saurare, ta ɗago, ta gyara bargon da ba abin da ya same shi.

"Ya ce kada ka wahalar da kanka," ta ce. "Da hannun nan, ga nisa, ga canjin jirgi. Ya ce ka bari sai Kirsimeti in ka warke, ai muna nan, ba inda za mu..."

Malachy ya daki ƙarfen gadon da tafin hannu. Ƙarar ta sa kare ya yi haushi a waje. 

Tsohon ya ɗaga hannun, wanda allurar asibiti ta bar wa tabo baƙi, ya miƙo shi wajen wayar. Ya lanƙwasa yatsun zuwa ƙirjinsa. Ya buɗe, ya sake lanƙwasawa.

"Na gani, Baba," in ji Fergal. "Na gani. Ina zuwa."

Hannun bai tsaya ba. Attracta ta ce masa, Baba, ya ji, ya ce yana zuwa, ka huta haka nan, uwarsu ta juya ta fuskanci bango, amma Malachy ya ci gaba da yafito shi.